Fasfon Birazil na buɗe ƙofa 170, ban da wadda masu shi suka fi so

Ƙasashe uku aka damƙa wa ɗaukar nauyin gasar cin kofin duniya ta 2026: Amurka da Kanada da Meziko. Birazil kuwa ita kaɗai ce ba a taɓa buga wannan gasa babu ita ba tun daga 1930, kuma sau biyar tana ɗaga kofin. To amma ɗan kallon da ya taso daga São Paulo ko Recife sanye da rigarsa rawaya, babu ko ɗaya cikin ƙasashen uku da zai shiga da fasfonsa kawai. Kowacce sai ya nemi izini tukuna. Abin ɗaure kan shi ne, da wannan fasfon dai zai sauka a Faris ko Mosko ko Tokyo ko Johannesburg ko Dubai, bai taɓa taka ƙofar ofishin jakadanci ba.

Masu jera fasfo-fasfon duniya bisa ƙarfinsu suna ba na Birazil wurare wajen 170 da ake shiga ba biza, ko kuma a karɓe ta a filin jirgi. Na Najeriya bai kai 50 ba, don haka mai karatu a Kano ko Zariya zai iya cewa ai waɗannan mutane ba su da abin kuka. Da gaskiyarsa, amma da sauran magana. Wannan lissafi ƙirga ƙofofi yake yi, ba ya auna nauyinsu. Ɗan tsibirin da ba kowa ke zuwa ba maki ɗaya ne, Amurka ma maki ɗaya. Kuma ba ya faɗa maka abin da ke jiran matafiyi a bayan ƙofar da aka ce a buɗe take.

A Birazil rundunar 'yan sandan tarayya, Polícia Federal, ita ke ba da fasfo, ita ce kuma ke duba masu shiga da fita a filayen jirgi da kan iyaka. Tun daga 2015 fasfon babban mutum shekara 10 yake yi, na yara kuma gwargwadon shekarunsu, jariri shekara guda kacal. Kuɗinsa a 2025 real 257.25 ne (real shi ne kuɗin ƙasar), kuma an daɗe ba a taɓa farashin ba. Sau biyu a 'yan shekarun nan, a Yunin 2017 da Nuwamban 2022, rundunar ta dakatar da buga sabon fasfo ɗungurungum saboda kuɗin da aka ware mata a kasafi ya ƙare. Mutane sun biya, sun ɗauki hoto, tikiti na hannu, amma ɗan littafin bai fito ba. Wanda ya san layin ofishin fasfo a ƙasashenmu ba sai an yi masa bayanin irin wannan takaici ba.

Ga wanda zai leƙa maƙwabta kuwa, fasfon ma ba dole ba ne. Albarkacin ƙungiyar Mercosur, wadda Birazil da Ajantina da Faragwai da Yurugwai suka kafa a 1991, da yarjejeniyoyin da suka biyo baya, katin shaidar ɗan ƙasa ya isa mutum ya shiga waɗannan ƙasashe, har da Chile da Boliviya da Peru da Kolombiya da Ekwado. Kusan irin abin da ECOWAS ta shimfiɗa a Afirka ta Yamma ke nan tun 1979. Inda mutane ke yin tuntuɓe shi ne lasisin tuƙi. A cikin gida ɗan Birazil da lasisinsa yake hawa jirgi, da shi yake shiga banki, har ya manta cewa ba katin ɗan ƙasa ba ne. Ranar da ya tashi zuwa Buenos Aires sai a ce masa wannan ba takardar tafiya ba ce. Haka nan katin da ya tsufa, hoton da ke jiki na lokacin yarinta, jami'i na da ikon ƙin karɓa.

Turai: ba biza, amma akwai tambaya

Ƙasashe 29 na yankin Schengen suna barin ɗan Birazil ya shiga yawon buɗe ido na kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Lissafin nan ya sha kayar da mutane. Ba wai in ka fita kwana biyu zuwa Landan ko Maroko ka dawo sai a fara ƙirga maka daga farko ba. Kowace rana jami'i zai waiwaya baya kwana 180, ya haɗa kwanakin da ka yi a cikin yankin gaba ɗaya, ko a Fotugal ka yi su ko a Jamus. In sun cika 90, zamanka ya ƙare. Fasfon kuma dole ya kasance da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da ka ce za ka fita.

Sai dai cire biza ba alkawarin shiga ba ne. Abin da aka cire shi ne tambayoyin ofishin jakadanci, aka mayar da su bakin tagar jami'in filin jirgi, bayan ka riga ka shafe awa goma sha ɗaya ko sha biyu a sama. Yana iya cewa ka nuna tikitin komawa, da shaidar masauki, da guzurin da zai ishe ka. A Sifaniya adadin da doka ta yanka ya haura yuro 100 a kowace rana. In a gidan ɗan'uwa za ka sauka, wasiƙar da ya rubuta da hannunsa ba ta wadatar ba: a Sifaniya sai ya je ofishin 'yan sanda ya karɓo takardar gayyata, a Faransa kuma ofishin magajin gari. Inshorar lafiya ta yuro 30,000 wadda aka wajabta wa masu neman biza, kamfanonin tafiye-tafiye a Birazil kowa suke matsa wa ya saya, don gudun a tambaya a rasa.

Filin jirgin Barajas na Madrid shi ne ya koya wa 'yan Birazil wannan darasi. A farkon 2008 aka riƙa tsare su ana mayarwa gida, har da ɗaliban jami'a da suka biyo ta Madrid a hanyarsu ta zuwa taron ilimi a Fotugal. Jaridu suka ɗauki zancen, jama'a suka fusata, kuma ba a jima ba 'yan sandan tarayya suka mayar da wasu 'yan Sifaniya daga filin jirgin birnin Salvador na Birazil. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a Afrilun 2012 Birazil ta fito fili ta ce duk takardar da Sifaniya ke nema a hannun ɗan Birazil, ita ma za ta neme ta a hannun ɗan Sifaniya. Cikin 'yan watanni sai ga ɓangarorin biyu sun zauna, aka sassauta.

Yanzu kuma Turai na sauya salo. Daga 12 ga Oktoban 2025 aka fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsun baƙi a kan iyakokin Schengen, kwamfuta ce za ta riƙa ƙirga kwanakin maimakon hatimin da ake bugawa a fasfo. Bayansa akwai izinin da ake kira ETIAS, wanda za a riƙa nema ta intanet kafin a taso, a kan yuro 20, ya yi shekara uku. Birtaniya ma ta riga su: tun 8 ga Janairun 2025 ɗan Birazil ba ya hawa jirgin Landan sai da izininta na ETA, wanda ya fara a fam 10, kafin wata huɗu ya koma 16. New Zealand tana da irinsa tun 2019. Hukumomin duk sun nace cewa wannan ba biza ba ce. Da gaskiyarsu ta wani ɓangare, tunda ba layi, ba hira, amsa kuma kan zo cikin awoyi ko 'yan kwanaki. Amma takardar da za ka cike, ka biya kuɗi, a iya ce maka a'a tun kana gida, ni dai a wurina ba cinya ba ce, ƙafar baya.

Fotugal batunta daban ne, don a can harshe ɗaya ake yi, kuma 'yan Birazil su ne baƙi mafi yawa a ƙasar, sun haura rabin miliyan. Shekara da shekaru hanya ɗaya ce sananniya: mutum ya shiga da sunan yawon buɗe ido, ya sami aiki, sannan ya nemi takardar zama yana ciki. A Yunin 2024 gwamnati ta toshe wannan hanya. Sakamakon ya faɗa kan ɗan yawon buɗe ido na gaskiya, wanda yanzu jami'in Lisbon ke yi masa kallon ko shi ma zama ya zo yi.

Ba ni gishiri in ba ka manda

Labarin Madrid da Salvador ba fushin rana ɗaya ba ne. Aƙida ce da ma'aikatar harkokin wajen ƙasar, wadda ake kira Itamaraty, ta riƙe tun da daɗewa: yadda ka yi wa ɗan ƙasata, haka zan yi wa naka. Ka yafe masa biza, na yafe wa naka. Ka caje shi, na caji naka. Da wannan ciniki aka samu yawancin ƙofofi 170 ɗin, har da Rasha, wadda yarjejeniyarta ta fara aiki a 2010, da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2018.

Wani lokaci ramuwar kan zo da ban dariya. A ƙarshen 2003, da Amurka ke shirin fara ɗaukar hoto da zanen yatsun baƙi a filayen jirginta, wani alƙalin kotun tarayya a jihar Mato Grosso ya ba da umarnin a yi wa Amurkawa haka a Birazil. Ba a shirya ba, babu na'urori, sai aka koma tawada, Amurkawa suka riƙa shafe awoyi a layi. Wani matuƙin jirgi ɗan Amurka da ya hasala ya ɗaga wa kyamara yatsan zagi a filin jirgin São Paulo, aka tsare shi, bai tafi ba sai da aka biya tarar da ta haura dala 12,000.

Jair Bolsonaro, lokacin yana shugaban ƙasa, shi ne ya karya wannan al'ada. A Maris na 2019, daidai lokacin da ya kai wa Donald Trump ziyara a Washington, ya sa hannu a kan dokar da ta yafe biza ga Amurkawa da mutanen Kanada da Ostireliya da Japan, ba tare da sun yafe wa 'yan Birazil ba. Hujjarsa ita ce Ba'amurke ba zai zo ya maƙale a Birazil yana neman aiki ba, kuɗi zai kawo, don me za a wahalar da shi? Da Lula ya dawo mulki a 2023 sai ya ce a koma gidan jiya. An yi ta ɗage ranar, masu otal-otal da kamfanonin jirage suna kuka, majalisar dattawa ma ta yi yunƙurin hanawa, amma daga 10 ga Afrilun 2025 Ba'amurke da ɗan Kanada da ɗan Ostireliya sai da biza, ta intanet, a kan dala 80.90.

Cikin huɗun nan Japan ce kaɗai ta zo teburin ciniki. Daga 30 ga Satumban 2023 'yan ƙasashen biyu suke ziyartar juna har kwana 90 ba biza. Abin mamaki ne ma a ce sai a lokacin, tunda babu inda jikokin Japanawa suka fi yawa a wajen Japan kamar Birazil, tun daga jirgin ruwan da ya sauke ayarin farko a tashar Santos a 1908, ga kuma 'yan Birazil wajen 200,000 da ke aiki a Japan. Ita kuwa Sin ba ta jira ciniki ba. Daga 1 ga Yunin 2025 ta buɗe wa 'yan Birazil da Ajantina da Chile da Peru da Yurugwai ƙofa na kwana 30. Wanda ya san cewa tun 2009 Sin ce babbar abokiyar cinikin Birazil, mai sayen waken suya da ƙarfe da nama, ba zai ɗauki wannan a matsayin kyautar banza ba.

A ganina ramuwa na da amfani, amma ga wanda ya damu. Sifaniya ta damu, don tana da bankuna da kamfanonin waya da 'yan kasuwa masu zirga-zirga a Birazil. Japan ta damu. Amurka kuwa ko a jikinta, domin abin da take aunawa ba mutunci tsakanin ƙasa da ƙasa ba ne.

Ƙofar da aka fi so

'Yan Birazil wajen miliyan biyu ne ke zuwa Amurka a shekara mai kyau. Orlando da Miami da New York suka nufa. A gidajen masu ɗan hali, yarinyar da ta cika shekara 15 akan ba ta zaɓi tsakanin liyafa da tafiya filin wasanni na Disney da ke Orlando, kuma da yawa tafiyar suke ɗauka. Ga sayayya, don waya ko kwamfuta ko kayan jarirai sun fi araha a can nesa ba kusa ba. Dukkansu sai da biza.

Hanyar ita ce a cike fom ɗin DS-160 ta intanet, a biya dala 185, a je cibiyar ɗaukar hoto da yatsu, sannan a je hira. Kuɗin nan a 2025 ya tasam ma kashi biyu bisa uku na mafi ƙarancin albashi, wanda yake real 1,518 a wata, kuma ko an hana ka ba a mayarwa. Wuraren hirar biyar ne a ƙasar da ta ninka Najeriya sau tara a girma: Brasília da São Paulo da Rio de Janeiro da Recife da Porto Alegre. Mutumin Manaus ko Belém sai ya yi tafiyar jirgi ya kama otal kafin ya ga fuskar wanda zai yi masa tambayar minti biyu. Bayan annobar korona layin ya yi tsawon da a 2023 mai neman hira a São Paulo sai ya jira fiye da shekara ɗaya da rabi, duk da cewa a shekarar an ba 'yan Birazil biza fiye da miliyan ɗaya. Wanda ya dace, tasa ta shekara 10 ce.

Dokar Amurka tana ɗaukar duk mai neman bizar ziyara a matsayin mai niyyar zama, har sai ya nuna akasin haka. Aiki, gida, iyali, karatu, duk abin da zai ja shi ya koma. Kuma ƙasa ba ta shiga jerin waɗanda aka yafe wa biza sai adadin 'yan ƙasarta da ake hanawa ya sauko ƙasa da kashi 3 cikin ɗari. A duk Kudancin Amurka Chile ce kaɗai ke cikin jerin, tun 2014. Birazil ta taɓa zuwa dab da layin. Tsakanin 2012 da 2014, lokacin da real ke da ƙarfi, adadin ya sauko kusa da kashi 3, har Barack Obama ya je Disney a Janairun 2012 ya yi alkawarin hanzarta ba 'yan Birazil da 'yan Sin biza. Sai tattalin arziki ya durƙushe a 2015 da 2016, adadin ya haura kashi 10, maganar ta bi ruwa. Wato darajar fasfon tana hawa da sauka ne tare da aljihun masu riƙe da shi.

Akwai gari guda da sunansa ke fitowa duk lokacin da ake wannan zance, Governador Valadares a jihar Minas Gerais. A zamanin yaƙin duniya na biyu Amurkawa sun zauna a yankin suna sayen wani ma'adini da ake buƙata a kayan lantarki. Daga shekarun 1960 samarin garin suka fara tafiya ci-rani Amurka, wani ya ja wani, har aka kafa unguwanni a Massachusetts da New Jersey. Dalolin da suke aikowa suka gina benaye, har ake yi wa garin laƙabi da Valadólares. Ma'aikatar harkokin waje ta ƙiyasta cewa cikin 'yan Birazil miliyan 4.9 da ke zaune a waje a 2023, kusan miliyan biyu a Amurka suke, kuma ba duka ke da takardu ba. Mutumin yankin da ya je hira da zuciya ɗaya, yana so ya kai 'yarsa Orlando ya dawo, tarihin maƙwabtansa na tsaye a bayansa. Wake ɗaya ke ɓata gari, balle buhu.

Wannan ne ya jawo musu asarar Meziko. Tun 2013 ɗan Birazil na zuwa Cancún ba biza. Da korona ta talauta mutane, ofisoshin jakadancin Amurka kuma suka rufe, masu fasa-ƙwaurin mutane suka mayar da wannan dama hanya: a sauka a Meziko da sunan hutu, a nausa arewa, a tsallaka, a miƙa kai ga jami'an Amurka, galibi da ƙaramin yaro a hannu don kada a tasa ƙeyar mutum nan take. A Minas Gerais har suna aka ba dabarar, cai-cai. A shekarar kuɗi ta 2021 jami'an kan iyakar Amurka sun ci karo da 'yan Birazil kusan 57,000. Meziko ta fara da neman izini ta intanet a Disamban 2021, da abin bai tsaya ba, daga 18 ga Agustan 2022 ta ce sai bizar da aka manna a fasfo. Ango da amaryar da suka yi tanadin hutun Cancún su suka biya kuɗin sabulu. Ba kuma karon farko ba ne, don a 2005 ma Meziko ta taɓa janye irin wannan sassauci a kan dalili guda.

Sai dai Meziko ta bar kafa: wanda ke da bizar Amurka mai rai ba ya buƙatar tata. Kanada ma haka. Tun Mayun 2017, ɗan Birazil da ke riƙe da bizar Amurka, ko ya taɓa samun ta Kanada cikin shekara 10, izinin intanet na dalar Kanada 7 ya ishe shi, muddin ta jirgin sama zai shiga. Ta mota ko jirgin ruwa sai cikakkiyar biza. Ka ga ke nan ɗan kallon ƙwallon nan da muka fara da shi mabuɗi ɗaya yake nema, in jami'in Amurka ya ba shi ƙofa uku sun buɗe, in ya hana shi sai ya bi layi uku. Ko wucewa kawai zai yi ta Dallas ko Los Angeles a hanyarsa ta zuwa Tokyo, sai da bizar Amurka, don filayen jirginta ba su da ɗakin masu canjin jirgi da ba su shiga ƙasa ba. Shi ya sa masu zuwa Asiya da yawa suka gwammace su bi ta Doha ko Dubai ko Addis Ababa.

Allura, yara, da fasfon kaka

Akwai takardar da ba ta da alaƙa da biza, amma ta fi biza mayar da mutane gida daga bakin kanta: katin rigakafin shawara, katin nan rawaya da duk alhajin da ya tashi daga Najeriya ya sani. Hukumar Lafiya ta Duniya na lissafa Birazil cikin ƙasashen da cutar take, kuma tsakanin 2016 da 2018 ta ɓarke a Minas Gerais da São Paulo da Rio ta kashe ɗaruruwan mutane. Don haka ƙasashe irin su Afirka ta Kudu da Tailan da Ostireliya sukan nemi katin a hannun wanda ya taso daga can, biyun farko ma ba sa neman biza a wurinsa. Hukumar Anvisa ce ke bayar da shi, yanzu har ta waya ana samu. Allurar sai ta kwana 10 a jiki kafin a karɓa, don haka ba a fafe gora ranar tafiya, amma tun 2016 sau ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Akwai tarko guda. A 2018, da allurar ta yi ƙaranci, gwamnati ta yi wa miliyoyin mutane kashi ɗaya bisa biyar na cikakken awo. Tana kariya, amma ba a ba da katin tafiya a kanta. Mutane da yawa sai da tafiya ta taso suka gane irin wadda aka yi musu.

Yara kuma tun kafin su bar gida ake tare su. Wanda bai kai 18 ba, in zai fita ƙasar da uwa kaɗai ko uba kaɗai, sai da rubutaccen izinin ɗayan, wanda aka tabbatar da sa hannunsa a ofishin rajista, sai fa in an riga an buga izinin a cikin fasfon yaron. Dokar ta 2011 ce, an yi ta ne don hana iyayen da suka rabu gudu da 'ya'ya, kuma 'yan sandan tarayya ba sa jin magiya a kanta.

Masu dabara kuwa tuni suka gano cewa maganin layin biza shi ne fasfo na biyu. Miliyoyin 'yan Birazil jikokin Italiyawa ne da suka zo noman kofi daga ƙarshen ƙarni na 19, kuma dokar Italiya ta daɗe tana cewa jini ba ya tsufa, ko kakan kakanka ne ya fito daga yankin Veneto na Italiya kai ɗan ƙasa ne in ka kawo takardu. Sana'a guda ta tashi a kan wannan, ta masu tono rajistar coci-coci da lauyoyi da tafintoci, layin ƙaramin ofishin jakadancin Italiya a São Paulo kuma yakan kai shekara 10. Ribar ba zama a Roma ba ce. Da jan fasfon Tarayyar Turai mutum zai zauna a Lisbon ko Dublin yadda ya so, ya kuma shiga Amurka da izinin intanet, ba hira. A 2023 Birazil ta gyara tsarin mulkinta yadda karɓar wata ƙasa ba zai sa mutum ya rasa tasa ba. Sai ga shi a ranar 28 ga Maris na 2025 Italiya ta rage tsawon igiyar: daga yanzu sai wanda mahaifinsa ko kakansa ne Ba'italiye. Jikokin jikoki, waɗanda su ne mafi yawa, aka bar su riƙe da fayil.

Wurin da duk wannan rikici ya fi fitowa fili yana can ƙuryar arewa, a jihar Amapá. Iyakar ƙasa mafi tsawo da Faransa ke da ita a duniya ba da Jamus ko Sifaniya take ba, da Birazil ce, kilomita 730 cikin daji, domin yankin Guiana na Faransa ɓangaren Faransa ne, da yuro ake ciniki a can. Ɗan Birazil na iya tashi ya yi wata uku a Faris ba biza, amma shekara da shekaru in zai tsallaka kogin Oiapoque zuwa garin Saint-Georges da yake hangowa daga ƙofar gidansa, sai da biza, saboda tsoron masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba da masu neman aiki. Bafaranshen da ke ɗaya gaɓar kuwa shigowa yake yi ya ci kasuwa ya koma. Ƙasashen biyu sun haɗa kuɗi sun gina gada a kan kogin, aka gama ta a 2011, ta zauna ba mai hawa sai tsuntsaye har Maris na 2017. Bayan an buɗe ma kusan hanya ɗaya motoci ke bi, mutanen Oiapoque suka ci gaba da hawa kwalekwale. Sai a Yunin 2025, lokacin da Lula ya kai ziyara Faris, shugaban Faransa Emmanuel Macron ya sanar cewa za a ɗage musu bizar, shekara 14 bayan an gama gadar.